'Yata ta samu gurbi a kulob ɗin hokin ƙanƙara na jami'a: shin za su biya mata kuɗin karatu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Muna zaune a jihar Michigan ta Amurka, 'yata tana buga hokin ƙanƙara tun tana shekara 9, yanzu tana ajin ƙarshe na sakandare. Wani mutum da ya ce shi mai haɗa 'yan wasa da jami'o'i ne ya ce ya samo mata gurbi a kulob ɗin mata na wata babbar jami'a, wai suna buga gasar ƙasa, kuma tunda haka ne karatunta kyauta ne. Yana neman dala 2,000 kafin ya "kammala takardu". Hankalina bai kwanta ba. Mene ne asalin wannan gasa ta kulob, kuma gaskiya yake faɗa?

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi ko sisi. Gasar tana nan, ba ƙirƙirarta ya yi ba, amma kalmar "kulob" da ya furta da bakinsa ita ce ta tona masa asiri.

Hokin mata a jami'o'in Amurka daga kulob ya faro. A Jami'ar Brown aka kafa tawaga ta farko a tsakiyar shekarun 1960, kuma don rashin abokan karawa a gida sai da suka riƙa tsallakawa Kanada. Dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, ta matsa wa jami'o'i lamba, amma tafiyar hawainiya aka yi. Abin da ya girgiza komai shi ne gasar Olamfik ta Nagano a 1998, karo na farko da aka sa hokin mata, Amurka kuma ta ci zinare. Daga nan hanya ta rabu biyu. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin da jami'o'in Amurka ke ɗaukar nauyinsu a hukumance, ta fara gasar ƙasa ta mata a 2001, Jami'ar Minnesota Duluth ta lashe. Jami'o'in da ba su ɗauki nauyin tawagar mata ba kuwa, ɗalibansu suka ci gaba da haɗa kansu da kansu, kuma ƙungiyar ACHA, wadda aka kafa a 1991 don shirya gasar kulob-kulob na hokin maza a jami'o'i, ta buɗe sashen mata a 2000. A yankinku ma an riga ta: gasar kulob-kulob na mata ta CCWHA, inda kulob ɗin jami'o'in Michigan da Michigan State suke bugawa, tun 1996 yake.

To a nan ne mutane ke faɗawa rami, kuma na gaji da maimaita wannan magana ga iyaye. Suna ganin riga mai tambarin jami'a, suna jin "rukuni na ɗaya", suna jin "kofin ƙasa", sai su ɗauka abu ɗaya ne da NCAA. Ba ɗaya ba ne. ACHA tana da nata rukuni na ɗaya da na biyu, NCAA tana da nata, sunan ne kawai ya yi kama. Tawagar NCAA sashen wasanni na jami'a ne ke riƙe da ita: shi ke biyan koci, jirgi, otal, likita da kayan wasa. Kulob a yawancin manyan jami'o'i yana ƙarƙashin ofishin nishaɗin ɗalibai ne, kusa da kulob ɗin tseren keke. 'Yan wasan ne ke biyan kuɗin shiga duk shekara, sau da yawa dubban daloli, don hayar filin ƙanƙara, alkalan wasa da motar tafiya. Su ne ke neman gudummawa a wurin iyaye da tsofaffin ɗalibai. Lokacin atisaye kuma abin da manyan tawagogi suka rage ne, wani lokaci sai dare ya raba. Wato ke za ki biya, ba ke za a biya ba.

Kuma ki lura da wannan, don ya shafe ki kai tsaye: duk yawan tawagogin maza na babban rukunin NCAA da ke jihar Michigan, babu ta mata ko ɗaya. Jami'ar Wayne State ce take da ita a da, ta soke tawagar a 2011. Saboda haka duk wanda ya ce miki babbar jami'a a jiharku za ta ba 'yarki tallafin karatu saboda hoki, ko bai san aikinsa ba, ko ya san abin da yake yi sarai. Ni na fi zargin na biyun.

Ko a cikin NCAA ɗin ma ba kowa ke ba da tallafin wasa ba. Rukuni na uku ba ya bayarwa. Jami'o'in Ivy League, wato rukunin tsofaffin fitattun jami'o'i irin su Harvard, Cornell da ita Brown ɗin da ta fara, ba sa bayarwa. Nasu tallafin gwargwadon buƙatar iyali ne, ga waɗanda aljihunsu bai kai ba. Tawagogin babban rukuni ba su kai 50 ba a duk ƙasar, kuma kociyoyinsu suna bin yarinya tun tana aji biyu ko uku na sakandare, har Kanada da Sweden suke zuwa farauta. Ba sa jiran wani ɗan kamasho ya kawo musu ita a shekarar ƙarshe.

Wata dabarar da waɗannan mutane ke yi ita ce su ce "kulob ɗin ya kusa komawa NCAA, ki yi sauri". Yana faruwa, amma duba yadda ya faru. Lindenwood ta ci kofin ACHA sau huɗu kafin ta haura a 2011. Penn State ta haura a 2012 ne bayan attajiri Terry Pegula ya ba da dala miliyan 88 a 2010 don gina fili da kafa tawagogin maza da mata. Idan babu irin wannan kuɗi a ƙasa, zance ne kawai, kuma an shafe shekaru ana yin sa a wurare da dama. Ko da an haura ɗin, sabon koci da sababbin 'yan wasa yake zuwa, kaɗan ne daga 'yan kulob ke tsira. Abin yakan juya ta baya ma: North Dakota, da duk sunanta a hoki, ta soke tawagar matanta a 2017.

Ban ce kulob abin raini ba ne. Wanda ya ga yadda Liberty da Miami ta Ohio suka riƙa karɓe kofin ACHA ya san ana wasa na gaske a can, kuma yarinyar da ke son karatun injiniya ko likita za ta fi samun sarari a kulob. Akwai kuma wasu ƙananan jami'o'i masu zaman kansu da ke ɗaukar nauyin tawagarsu ta ACHA sosai, suna rage kuɗin makaranta bisa maki ko buƙata. Wannan ragi daga ofishin tallafin kuɗi na jami'a yake fitowa, a rubuce, da sunan ɗaliba.

Ga abin da za ki yi a makon nan. 'Yarki ta rubuta wa kocin kulob ɗin da kanta, adireshinsa yana shafin tawagar, kyauta ne. Ta tambayi ranar gwaji, kuɗin shekara, da ko akwai mai kula da rauni a gefen fili lokacin wasa, don bugun kai ba ya tambayar ko NCAA ce ko kulob. Ta kuma tambaye shi ko ya san wannan mutumin. Ku cike fom ɗin FAFSA, na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, idan ta cancanta. Gurbi a kulob ba ya ba da gurbin karatu, sai jami'ar ta karɓe ta da makinta tukuna. Idan mutumin ya sake kira, ki ce ya turo takardar tallafin a kan takardar jami'a mai hatimi, da lambar wayar jami'in da ya sa hannu.