Ga biza a fasfo, amma an tasa ƙeyarsa daga filin jirgi

Hajiya, sannu da haƙuri. Kin ce ƙaninki ya samu bizar ziyara lafiyayyiya daga ofishin jakadanci, ya hau jirgi ya sauka lafiya, sai jami'an shige da fice suka ware shi gefe, suka riƙe shi sa'o'i, daga baya suka juyo da shi a jirgi na gaba. Kina tambaya ko doka ta ba su damar yin haka, ko an rufe masa ƙofa ke nan har abada, da kuma ko akwai inda za ku kai ƙara. Na ga wasu sun yanke hukuncin cewa bizar ce ta jabu, wasu sun ce tsangwama ce kawai. Mai yiwuwa ne, amma ba lallai ba. Ni kaina an taɓa juyo da ni, kuma bizata babu abin da ya same ta.

Abin da ban gane ba sai da na ji a jikina shi ne, wanda ya buga maka biza daban, mai buɗe maka ƙofa daban. Biza izinin zuwa ka yi sallama ce a ƙofar gida. Amsa sallamar kuwa tana hannun jami'in da ke zaune a bayan gilashi ranar da ka sauka. Ba ɓoye wannan suka yi ba. Amurka ta rubuta ƙarara cewa biza tana ba mutum damar zuwa bakin iyaka ya nemi izinin shiga, jami'in hukumar kwastam da tsaron iyaka, wato CBP, ne mai cewa e ko a'a. Dokar bizar ƙasashen Shengen ma, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, a sashe na 30, ta ce riƙe biza kaɗai ba ya ba mutum haƙƙin shiga kai tsaye. To amsar tambayarki ta farko, ko da babu daɗin ji, ita ce e, doka ta ba su.

Ga yadda tawa ta kasance. Baje kolin kayayyaki zan je a wata ƙasa cikin ƙasashen Shengen, kwana biyar. Ejan na ba aikin takardun, shi ya cike komai, shi ya kama mini ɗaki a otal, ni dai na je an ɗauki hoton yatsuna. Biza ta fito, na yi murna. Kafin tafiya wani abokina da ke zaune a wani gari kusa da wurin ya ce kada in ɓata kuɗi a otal, in sauka a wurinsa. Na ce madalla. Ban ko tuna da takardar otal ɗin ba, tana nan dai a cikin jaka tare da sauran.

Da asuba muka sauka. Jami'in ya ɗaga fasfo, ya dube ni, ya ce me ya kawo ni. Na ce baje koli. Ina zan sauka? Nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta: na zaro takardar otal na miƙa masa, don a tunanina ita ce a rubuce, ita ce za ta fi kwantar masa da hankali. Ya karanta, ya ɗaga wayar da ke gefensa, ya buga lambar da ke jikin takardar. Ina tsaye ina kallon bakinsa. Bai yi minti biyu ba ya ajiye. Ashe ejan ya soke ɗakin tun washegarin fitowar biza, dama don a samu takardar nunawa ya kama shi. Jami'in ya ce otal sun ce ba su da baƙo mai wannan suna. Sai na ce, ai gaskiya wurin abokina zan sauka. Ya ce ina adireshin? Yana cikin waya. Na zaro waya, caji ya mutu tun a wurin yada zango.

Ki duba abin ta idonsa, Hajiya. Cikin minti biyar mutum ya ba shi masauki biyu, ɗaya babu shi, ɗaya babu shaidarsa. Ko ni ne a kujerar nan ba zan yarda da ni ba.

Aka kai ni wani ɗaki mai kujerun ƙarfe a jere, an ɗaure su da ƙasa, babu taga, fitila fara tas ba ta mutuwa. Mu bakwai ne. Akwai wata dattijuwa da ta zo ganin 'yarta da ta haihu, ta faɗa wa jami'i da zuciya ɗaya cewa ta zo rainon jika ne don 'yar ta koma aiki. Sai tambayoyi suka ƙaru: wata nawa, biyanta za a yi, wa zai ɗauki nauyinta. Ita ba ta ga laifin maganarta ba, ni ma ban gani ba, amma na lura kunnen jami'i ba irin namu ba ne. Da ya ji kalmar aiki, ko da aikin taimako ne, sai ya miƙe zaune. An jona mini waya, an kira abokina, bai ɗauka ba, barci yake yi. Da ya farka ya kira, an riga an cike takarda.

Takardar nan ita ce abin da nake so ki nema wurin ƙaninki kafin komai. A ƙasashen Shengen ba a juya mutum da fatar baki. Dokar iyakokinsu ta 2016, sashe na 14, ta wajabta a ba shi fom ɗaya da duk ƙasashen ke amfani da shi, da dalilai a jere, waɗanda a lokacin tafiyata daga harafin A zuwa I suke. A da B matsalar fasfo ce, C da D matsalar biza, E rashin takardun da ke tabbatar da dalilin zuwa da yanayin zama, F ya riga ya cinye kwana 90 cikin 180, G kuɗin hannunsa bai isa ba, H sunansa na cikin jerin waɗanda aka sa wa alamar kada a bari su shiga, I kuma ana ganinsa barazana ga tsaro ko lafiyar jama'a. Ni E aka zagaye mini. A fasfona suka buga hatimin shiga, suka ja masa gicciye da baƙin tawada, suka rubuta harafin a gefe. Fasfon ma ba a ba ni a hannu ba, a ambulan aka miƙa wa ma'aikatan jirgi, sai da muka sauka suka damƙa mini.

Ba ki faɗi ƙasar da ya je ba, kuma amsar tambayarki ta biyu a kanta ta rataya. Idan Shengen ce, kuma E ko G aka rubuta, wannan hanin na ranar ne, ba takunkumin shekaru ba. Sai dai a duba ko sun soke bizar kanta, don suna da ikon yin hakan a nan take, kuma za a ga hatimin sokewa a kanta. H ita ce mai nauyi, domin tana nufin wata ƙasa a cikinsu ta shigar da sunansa a rumbun bayanan da suke tarayya a kai ko a nata rumbun, kuma yana da haƙƙin ya rubuta ya nemi a gaya masa abin da aka rubuta a kansa.

Idan Amurka ce, to a nan ake yin asarar da mutum bai san ya yi ba. Hanya biyu ce, kuma duka biyun a jirgi ɗaya suke ƙarewa, shi ya sa mutane ba sa bambance su. Ta farko, jami'i ya ba ka dama ka janye neman shigarka da kanka, fom I-275 ke nan. Bizar takan tafi, amma babu haramcin shekaru a kanka, kana iya sake nema. Ta biyu korar gaggawa ce, wadda dokarsu ta 1996 ta kawo, fom I-860, kuma tana zuwa da haramcin shekara 5. Idan kuma suka rubuta cewa ka yi musu ƙarya a kan wani abu mai muhimmanci, wannan haramcin ba shi da wa'adi. Birtaniya ma tana iya hana mutum shekara 10 a kan yaudara. Mutum ya gaji, ya kwana a zaune, an turo masa takarda da biro, burinsa kawai ya bar ɗakin nan, sai ya rattaba hannu. A ganina sa hannun nan ya fi kuɗin tikitin tsada nesa ba kusa ba. Duk wanda ya tsinci kansa a wurin ya karanta kowane layi, in bai ji yaren ba ya nemi tafinta, in an rubuta abin da bai faɗa ba ya ce a gyara, kuma ya nemi kwafinsa.

Batun ƙara kuwa, a Shengen akwai haƙƙin ɗaukaka ƙara, fom ɗin kansa ya ambace shi, amma shigar da ita ba ya dakatar da juyowar. Daga gida za ka bi ta, yawanci da lauyan can, kuma akwai wa'adi, don haka kada a yi jinkiri idan za a yi. A Amurka korar gaggawa kusan ba ta da ƙofar kotu, sai dai akwai tsarin DHS TRIP na neman gyaran bayanai ga wanda yake ganin an rikita sunansa da na wani. Ni ban kai ƙara ba, domin da na zauna na yi wa kaina adalci, na ga ba ni da abin faɗa wa alƙali. Wanda ya ga an zalunce shi ƙiri-ƙiri, takardunsa cif, ya bi kadinsa. Ban ce babu jami'in da ke duba launin fasfo kafin ya duba fuskar mai shi ba. Akwai, na ga yadda ake yi wa wasu tambaya ɗaya a wuce, wasu kuma goma. Amma sanin hakan bai taɓa shigar da kowa ba.

Kuma kada ƙaninki ya ɗauka shi kaɗai ne, ko ƙanƙancinsa ne ya jawo. A watan Janairun 2022 Novak Djokovic, wanda a lokacin shi ne na ɗaya a duniya a wasan tanis, ya sauka a Melbourne da biza a hannu, jami'an iyakar Ostireliya suka soke ta a filin jirgi kan batun rigakafin korona. Kotu ta dawo masa da ita, minista ya sake sokewa, ranar 16 ga watan ya bar ƙasar. A ƙarshen Janairun 2017 kuma, da aka sa hannu a kan umarnin hana 'yan ƙasashe 7 shiga Amurka, akwai waɗanda suka tashi da biza mai aiki, suna sama doka ta canza, suka sauka aka tsare su.

Kuɗin tikiti ba ya dawowa, ki cire rai. Kamfanin jirgin da ya kawo mutum shi ke da alhakin mayar da shi, kuma sau da yawa tikitinsa na dawowa suke amfani da shi.

Sauran abubuwan da ke kayar da mutane ƙanana ne har su ba ka haushi. Fasfo ya kusa ƙarewa: Shengen na son ya rage aƙalla wata 3 bayan ranar fitarka, kuma kada ya wuce shekara 10 da bayarwa, ƙasashe da dama kuma wata 6 suke nema. Bizar shiga sau ɗaya, ka leƙa wata ƙasa ta waje ka ce za ka dawo. Karɓar biza daga ƙasa ɗaya saboda ta fi sauƙi alhali duk tafiyarka a wata ce. Inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da aka nuna a ofishin jakadanci aka bar takardarta a gida. Ɗalibi mai bizar karatu ta Amurka ya iso fiye da kwana 30 kafin fara karatu. Sai waya. Wanda ya ce yawon buɗe ido ya zo, aka buɗe wayarsa aka ga saƙon "ranar Litinin za ka fara aiki", ko aka zazzage jakarsa aka ga takardun shaidar karatu na asali da tarin takardun neman aiki, me zai ce kuma?

Idan zai sake nema, abu ɗaya nake roƙonsa: kada wani ya ba shi shawarar ya canza fasfo ya yi shiru. Fom ɗin Amurka da na Birtaniya da na Kanada duk suna tambaya ko an taɓa hana ka shiga, kuma yatsunka ba sa canzawa da sabon fasfo. Ƙasashen nan uku, da Ostireliya da New Zealand, suna musayar bayanan yatsu a tsakaninsu. Juyowa ɗaya ana iya bayaninta a layi huɗu. Ɓoye ta kuwa, garin neman gira ne a rasa ido.

Ni bayan kusan shekara na sake nema, da kaina na cike fom a wannan karon, na haɗa da gajeriyar wasiƙa na faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Aka ba ni. Na biya otal da katina, na kira su ana gobe tafiya na ji sunana da kunnena, na buga komai a takarda: gayyata, tikitin dawowa, inshora, bayanin asusun banki, lambar wanda zai ɗauki waya ko da tsakar dare ne. Jami'ar da na tarar ta buɗe fasfo daidai shafin gicciyen nan, ta ɗago ta ce me ya faru a nan. Gabana ya faɗi, amma na gaya mata. Ta karɓi takardar otal, ta duba, ba ta ko taɓa waya ba, ta buga hatimi.

Ki tambaye shi ƙasar, da harafi ko lambar fom ɗin da aka ba shi, da abin da ya sa wa hannu. In za ki turo hoton takardar a nan, ki rufe sunansa da lambar fasfo tukuna.