Tambayi Likita: Tsabtar Kayan Haɗa Kunu, Zoɓo da Kindirmo a Gida

Wasiƙun da suka iso mini a wannan makon sun taru a kan abu guda, wato kayan da ake haɗa abin sha da su a gida, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai, domin da yawa daga cikin yaran da ake kawo mana da gudawa, idan aka bi diddigin abin da suka sha, a kan bokiti ko gorar roba maganar take ƙarewa.

Tambaya: Likita, ina yin kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa a Zariya. Kullum ina wanke bokitai da rariya da sabulu, amma kafin la'asar kunun ya yi tsami, gorunan su kumbura. Na kuma lura cikin bokitin yana yin santsi ko bayan na wanke. Ina matsalar take?

Amsa: Hajiya, wannan santsi da kika ji da yatsanki shi ne bakin zaren. Ƙwayoyin bakteriya da na yis ba sa zama a warwatse a jikin mazubi. Sukan manne a inda robar ta karce, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa, wanda yake kare su daga ruwa da sabulun da aka zuba aka juya sama-sama. Duk sabon kunun da kika zuba, daga wannan yauƙi yake ɗaukar irin da zai lalata shi, kuma a zafin ƙasarmu wasu ƙwayoyin suna iya ninka yawansu cikin minti 20 kacal. Kumburin gora kuwa aikin yis ne, wanda yake cin sukari ya fitar da iska, kuma tare da iskar yana samar da ɗan sinadarin barasa da yake ƙaruwa gwargwadon daɗewar kunun a wuri mai ɗumi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wanki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban, kuma dole wanki ya riga. Da zarar kin juye kunu, ki ɗauraye bokitin nan take kafin gasarar ta bushe a jikinsa, sannan ki goge shi da ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi, kina bin gindin bokitin da ƙarƙashin bakinsa da cikin murfi, inda ragowar kunu take maƙalewa. Kada ki sa soson ƙarfe a kan roba, domin kowane karce sabon maɓoya ne. Bayan kin ɗauraye sabulun tas, sai ki haɗa ruwan kulorin: ƙaramin cokalin shayi ɗaya na bilic mara turare, irin wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin ɗari a jikinsa, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai sanyi. Ki tabbata ruwan ya taɓa ko'ina na aƙalla minti 2, ki zubar, ki kife kayan a kan wani abu mai tsabta sama da ƙasa su tsane da kansu. Kada ki goge su da tsumma, domin tsumman kicin yakan mayar da abin da kika kashe.

Ƙyallen tata ya fi komai ba ni tsoro a wannan sana'a. Na sha ganin an matse shi an rataye a ƙusa a lungun kicin, washegari yana ɗan warin tsami a sake tace kunu da shi. Ki wanke shi da sabulu, ki tafasa shi a tukunya kamar minti 5, ki shanya a rana ya bushe ƙarau, kuma ki mallaki biyu ko uku kina sauyawa. Haka ma soson wankin, a keɓe shi ga kayan kunu kaɗai, a riƙa shanya shi. Kunun aya ya fi buƙatar kulawa saboda ba a ɗora shi a wuta, don haka ruwan jiƙo da na markaɗe da na tata duk su zama waɗanda aka tafasa suka huce. Idan inji kike kaiwa, ki tafi da ruwanki, ki roƙi mai injin ya zuba wani ya wanke ragowar markaɗen da ya riga naki. Bokitin da ya karce sosai ko ya ƙi barin wari, ki mayar da shi na wanki, ki sayi sabo.

Tambaya: Ni magidanci ne a Maraɗi. Matata tana son sa bilic a kayan zoɓo, ni kuwa na hana, domin na san guba ce. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malam, tsoronka yana da tushe, amma a wannan karon uwargida ce a kan hanya. Kulorin ɗin da ke cikin bilic shi ne dai wanda hukumomin ruwa suke sawa a ruwan famfo, bambancin yana wajen awo. A ma'aunin da na ambata a sama, abin da ya rage a jikin mazubi bayan ya tsane ba ya cutarwa, kuma idan warin ya dame ku kuna iya ɗaurayewa da ruwan da aka tafasa ya huce. Haɗarin gaske yana wajen haɗa bilic da abu mai tsami kamar lemon tsami ko ruwan kal, ko da wasu magungunan wanke banɗaki, domin nan take yakan saki iska mai ƙona ido da huhu. A haɗa sabo kowace rana, a wuri mai iska, a ajiye kwalbar nesa da yara, kuma kada a bar tukunyar alminiyam ko ta ƙarfe a jiƙe a cikinsa, yana cin su. Kayan ƙarfe da ludayi tafasasshen ruwa ya wadatar musu.

Tambaya: Gorunan ruwa da na lemo da yara suke tsintowa su sayar mana, idan na wanke su da kyau zan iya zuba zoɓo?

Amsa: 'Yar'uwa, ba zan ɓoye miki ba, wannan al'ada tana damuna matuƙa. Ba ki san hannun da gorar ta bi ba. Akwai wadda aka tsinto a bola ko a kwata, akwai wadda aka zuba fetur ko maganin feshi a cikinta, akwai wadda mara lafiya ya yi amfani da ita a gadon asibiti. Irin wannan roba siririya ce, tana lanƙwashewa idan ruwa ya yi zafi sosai, saboda haka ba za a iya tafasa ta ba, ga bakinta ƙarami, hannu ba ya shiga. Sababbin goruna da murafensu ana sayar da su a kasuwa, kuma ƙara kuɗinsu a kan farashin zoɓo ya fi sauƙi a kan jinyar taifot. Idan hali bai ba da dama ba, ki tsaya a kan gorunan da aka sha a gidanku ko gidan da kika sani, ki wanke ciki da siririn buroshi, ki bi zaren bakin gorar da cikin murfi, ki jiƙa a ruwan kulorin, ki kife. Duk wadda ta yi wari ko ta dushe, a yar da ita.

Tambaya: Surukata ta ce kada in kuskura in wanke ƙwaryar kindirmo da sabulu, wai zan kashe irin da ke sa nono ya yi barci. Gaskiya ne?

Amsa: Ki gaishe mini da Inna, domin ta fahimci wani abu na gaskiya. Ƙwayoyi masu amfani ne suke mayar da madara kindirmo, suna cin sukarin madarar suna fitar da tsami, tsamin nan kuma yana hana ƙwayoyin cuta da yawa yaɗuwa. Ƙwarya tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma lallai irin yana zama a cikinsu. Matsalar ita ce ƙofofin ba sa tantance baƙo, suna riƙe mai amfani suna riƙe mai cutarwa. Hanyar da za ta raba gardama ita ce a ɗauki irin daga kindirmon jiya mai kyau, cokali biyu ko uku, a ajiye a rufe a wuri mai sanyi, ita kuwa ƙwaryar a wanke ta, a kwarara mata tafasasshen ruwa, a kife ta a rana tare da maburgi. Wadda ta tsage ko ta yi baƙin fumfuna ta gama aiki.

Abin da ya fi ƙwaryar muhimmanci shi ne madarar kanta. Ɗanyar madarar shanu tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar da makiyaya suke kira bakkale, wadda take sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, kuma tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne a kansu. Tun a shekarun 1860 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ɗumama abin sha yana kashe ƙwayoyin da ke lalata shi, kuma a yau masana'antu suna kai zafin madara digiri 72 a ma'aunin Celsius na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. A gida, a dafa ta har ta taso, a bari ta huce zuwa ɗumin da yatsa mai tsabta zai jure, sannan a zuba iri.

Tambaya: Na tafasa zoɓo sosai, amma yarana biyu suka kwana suna amai da gudawa bayan sun sha. Ta yaya hakan zai faru?

Amsa: Allah ya ba su lafiya. Ba zan iya yanke hukunci daga nesa cewa zoɓon ne ba, amma idan shi ne, to bayan saukewa daga wuta abin ya shiga. A wannan lokacin ne ake ƙara ɗanyen ruwa don ya yi yawa, a tace da rariyar da ba ta bushe ba, a yanka abarba ko kokwamba a kan katakon da aka yanka nama, a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin taifot da makamantansu, tana dai tsayar da su ne har ƙanƙarar ta narke. Hannu ma yana da nasa kason, domin akwai wata bakteriya da ke zama a hanci da fata da ƙuraje, wadda dafinta yake sa amai cikin 'yan sa'o'i, kuma sake tafasawa ba ya karya wannan dafi. Mai ƙurji ko yanka a yatsa ya bar wa wani aikin ɗurawa.

A yanzu ki ba su ruwan gishiri da sukari na fakiti, ko ki haɗa lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce da ƙananan cokula 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, suna kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan kin ga jini a bayan gida, ko gudawa kamar ruwan shinkafa, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko fitsari ya ɗauke, ku tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Na samu babbar jarka mai kyau da aka taɓa zuba maganin ciyawa a ciki. Sau nawa zan wanke kafin in jiƙa gero?

Amsa: Malam, babu adadin wankin da zai sa in amince maka. Roba tana shan irin waɗannan magunguna, ta riƙa sakinsu a hankali cikin abin da aka zuba, musamman mai ɗumi ko mai tsami, kuma bilic da tafasasshen ruwa ƙwayoyin cuta suke kashewa, ba sa cire guba. Ka huda gindinta don kada wani ya ɗauka ya zuba ruwan sha, ka nemi mazubin da tun asali na abinci ne.