Haƙoran wuƙa mai naɗewa: me ya sa suka bambanta?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi wuƙaƙe biyu masu naɗewa a kasuwar Katako, haƙoransu ba iri ɗaya ba, kana tambaya ko ɗaya jabu ce. Bambancin haƙora kaɗai ba ya nuna jabu, kowane kamfani da nasa tsarin.

Kamfanin Spyderco na Amurka, wanda Sal Glesser ya kafa, shi ya yayata wuƙar aljihu mai haƙora tun farkon shekarun 1980. Tsarinsa sananne ne: babban rami ɗaya, ƙanana biyu, haka har ƙarshen baki. Kamfanin Cold Steel kuwa nasu haƙoran sirara ne, a matse, suna cin igiyar leda sosai, amma washinsu sai mai haƙuri. Daga baya aka yi ta fito da masu rabin baki sumul, rabi haƙora, sannan kamfanin CRKT ya zo da haƙoran da ake kira Veff, manya masu karkata. Ni dai na fi son baki mai haƙora gaba ɗaya. Rabi da rabin nan bai ishe ka ko ɗaya ba.

Juya wuƙarka ka duba da kyau. Galibi gefe guda ake fafe haƙoran, bayan yana nan a miƙe. In ka ga ramukan ba su bi tsari ɗaya ba, wani zurfi wani sama-sama, a nan za ka yi shakka.

Don Allah kada ka miƙa ta ga mai washi ya ɗora a dutse. Na taɓa yi a nan Yamai, aka dawo mini da ita haƙoran sun shafe. Siririn ƙarfen washi za ka nema, ka bi rami-rami.