Kafin ka taɓa kulastar sashenku

Assalamu alaikum ƙanena, barka da samun gurbin karatu. Ka ce sashenku a Jamus ya rubuto maka cewa a kan kulastar Linux ta sashen za ka yi aikin digirinka na biyu, kana tambaya ko sai ka sayi laftof mai tsada kafin ka taso, da kuma abin da ya kamata ka koya.

Kada ka ƙona kuɗinka a kan laftof. Mai RAM 8GB ko 16GB ta ishe ka, don ba ita za ta yi lissafin ba. Kulasta tarin kwamfutoci ne a wani ɗaki mai sanyi da wataƙila har ka gama ba za ka leƙa shi ba. Laftof ɗinka hanyar aika musu umarni ce kawai. Abin da za ka yi tun kana gida shi ne sabawa da baƙin allo, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce. Idan Windows gare ka, buɗe PowerShell ka rubuta `wsl --install`, za ta sa maka Ubuntu, wani nau'in Linux. Ka yi ta juya `ls`, `cd`, `cp`, `mv`, `less`, `grep` da `nano` har hannunka ya saba. Darussan Software Carpentry kyauta ne, kuma sun isa. Ka riƙe wannan: abin da `rm` ta share ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan.

Yawanci ba a buɗe maka asusu sai ka kammala rajista, malamin da ke duba aikinka ya sa ka cikin rukuninsa. Daga nan ka ƙirƙiri makulli da `ssh-keygen -t ed25519`. Fayil biyu zai fito. Mai ƙarewa da .pub shi ake ba su, ɗayan kuwa ko malaminka ba ya ganinsa. In kana ɗakinka ka ga `ssh`, umarnin shiga kulastar daga nesa, ta yi shiru har ta gaji, duba ko ka kunna VPN na jami'a, galibi nan matsalar take.

Inda sababbin zuwa suka fi jin kunya shi ne nan. Kwamfutar da ka faɗa cikinta da ka shiga, ta shiga ce kawai, mutane da yawa suna kanta a lokaci guda. A nan ake gyara fayil da miƙa aiki. Ka kunna lissafi mai nauyi a kanta, kowa zai ji ta yi nauyi, masu kula za su kashe aikin su aiko maka da imel. Tsarin kamar injin markaɗe ne na unguwa: ka ajiye roba a layi, a markaɗa maka in an zo kanka. Mai riƙe layin a yawancin wurare manhaja ce mai suna Slurm, kuma da ɗan fayil irin wannan ake yi mata magana:

```
#!/bin/bash
#SBATCH --time=02:00:00
#SBATCH --mem=8G
#SBATCH --cpus-per-task=4
module load python
python aiki.py
```

Ka adana shi da sunan aiki.sh, ka miƙa shi da `sbatch aiki.sh`, ta ba ka lamba. `squeue -u $USER` zai nuna maka PD in yana jira, R in yana gudana, `scancel` da lambar kuma ya soke shi. Layukan #SBATCH dole su zo kafin kowane umarni. Wanda ya zo a ƙasa Slurm ba ta karanta shi, kuma ba za ta gaya maka ba. In a Windows ka rubuta fayil ɗin, `sbatch` za ta ƙi shi saboda alamar ƙarshen layi ta DOS, `dos2unix aiki.sh` ke gyara wannan.

Gwanintar tana wajen kintata lokaci da memori. Ka nemi awa 2 aikin yana buƙatar 3, za a yanke shi da TIMEOUT, abin da bai rubuta a fayil ba ya salwanta. Ka rage memori, ka ga OUT_OF_MEMORY. Sai mutum ya ce to bari in nemi kwana 3 da 200GB in huta. Nan ma an yi asara, domin Slurm tana cusa ƙananan ayyuka a giɓin da ke tsakanin manya, mai babbar buƙata kuwa sai ya kwana a layi, sannan yawan abin da ka kama yana rage maka fifiko a gaba, wani lokaci har da 'yan rukuninku. Ka fara da ɗan yankin bayananka na minti 10, ka duba abin da ya ci da `seff` ko `sacct`, ka ƙara kamar kashi 20 cikin 100 a kai. Kuma neman CPU 32 ba ya sa Python ɗin da aka rubuta don CPU ɗaya sauri. 31 za su zauna banza da sunanka.

Ma'aji iri biyu ne. Foldarka ta gida ƙarama ce amma ana yi mata kwafin ajiya. Scratch babba ce mai sauri, ba ta da kwafi, kuma ana share tsofaffin fayiloli bayan wa'adin da kowane sashe ya sa wa kansa, don haka ka nemi wa'adin tun ranar farko. Conda, manhajar girka kayan aikin Python, ita ce ta fi cika wa ɗalibai foldar gida, sai ayyuka su riƙa mutuwa ba dalili bayyananne. Umarnin `du -h -d 1 ~` zai nuna maka mai cin wurin. Wajen kwashe bayanai yi amfani da `rsync -avP`, in intanet ta yanke ka sake buga shi, zai ci gaba daga inda ya tsaya. `sudo` kuwa ba a ba ka ba, kar ma ka gwada, ana rubuta sunan wanda ya gwada.

In ka maƙale ka rubuta wa masu kula kai tsaye, da Turanci ma suna amsawa. Ka sa lambar aikin, da umarnin da ka buga, da saƙon kuskuren yadda ya fito a fayil ɗin slurm mai ƙarewa da .out. A kwafe rubutun, kar a ɗauki hoton allo da waya.