Tambayi Anti Nas: Shiga Makarantar Jinya da Yadda Ake Fita da Lasisi

Jama'a assalamu alaikum. Wannan watan wasiƙun da suka shigo kusan duk kan makarantar nas ne, ina ga don lokacin sayar da fom ya matso, to na tsinci guda biyar da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Na gama sakandare bara, burina tun ina ƙarama in zama nas. A WAEC ɗina na ci Ingilishi da lissafi da bayoloji da kemistiri amma fiziks D7 na samu. Kawuna ya ce kar in damu yana da wanda zai shigar da ni a haka. In yarda? Kuma jami'a ta fi ko kwaleji? — Wata 'yarki daga Funtuwa

AMSA: 'Yata, ki gaida kawu ki masa godiya, amma kar ki yarda. Ƙa'idar ba ta makaranta ba ce balle a roƙi wani ya kau da kai, ta hukumar da ke kula da nas-nas da ungozoma ta ƙasa ce, NMCN, wadda mu a aiki Kansul kawai muke ce mata. Kiredit biyar take so, Ingilishi, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, kuma kiredit daga C6 ne zuwa sama, D7 bai shiga ba. Mutumin kawu zai iya sa sunanki a jerin waɗanda aka ɗauka, ki ɗinka farin kaya, ki biya kuɗin makaranta, ki yi wata da watanni kina shiga aji, amma akwai ranar da makaranta za ta tura takardun kowa Kansul don a ba shi lambar rajista, abin da ake cewa indeksin, to ranar ce fiziks ɗin nan zai fito fili, kuma wanda ba shi da wannan lambar ba ya zama jarrabawar ƙarshe. Kin ga an yi asarar kuɗi da shekara.

Abin ma da sauƙi, an yarda ki haɗa sakamako na zama biyu. Ki yi rajistar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara, ki sa ƙarfinki kan fiziks, ki nemi malamin lesin ko na wata uku ne. In ya fito ki haɗa da na farkon shikenan.

Batun jami'a ko kwaleji kuwa, a jami'a shekara 5 ake yi a fito da digirin BNSc, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Akwai shi a ABU Zariya, da BUK, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. A JAMB Ingilishi, fiziks, kemistiri da bayoloji za ki zauna, kuma kar in ɓoye miki, cunkoson da ke kan nasin yanzu ya kusa kamo na likitanci, maki na tsaka-tsaki ba ya kai mutum. Kwalejoji da can shekara 3 ne a fito da RN, wato lasisin cikakkiyar nas mai rajista, yanzu da yawansu sun koma tsarin ND da HND ƙarƙashin NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, shekara 4 kenan, kuma su ma ta JAMB ake shiga, don haka wannan tunanin na "bari in gudu sukul of nasin tunda JAMB ta ƙi" ya fara zama tsohon yayi. Ni dai ra'ayina, in makinki bai yi tashin da za ki yi gogayya a jami'a ba, kar ki zauna shekara uku a gida kina jiran BUK, ki nemi kwalejin jiharku, lasisin da za a ba ki a ƙarshe iri ɗaya ne, digiri kuma kya iya ɗorawa daga baya kina aiki. Wani abu ƙarami da ke kayar da yara: sunanki da ranar haihuwarki su zama iri ɗaya a NIN da JAMB da WAEC, in akwai bambancin ko harafi ne ki gyara tun yanzu.

TAMBAYA: Hajiya ina da 'ya mace, an buɗe wata makarantar kuɗi a garinmu sun ce babu JAMB babu wahala, shekara biyu yarinya ta zama nas, kuɗinsu ma da rangwame ana biya kashi-kashi. Maƙwabta duk sun kai nasu. Me kika gani? — Wani uba daga jihar Zamfara

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka fidda kuɗinka. Ban ce duk makarantar kuɗi ta banza ba ce, akwai masu kyau da Kansul ta amince da su, amma yadda ka siffanta wannan jikina bai ba ni ba. Ga abin da za ka yi, kuma ba sai ka yi faɗa da kowa ba. Ka sa wani yaro mai waya ya buɗe maka shafin NMCN a intanet, akwai jerin makarantun da aka amince da su jiha-jiha, in sunanta babu a ciki to magana ta ƙare, kar ka saurari "ai muna kan hanya, takardarmu na Abuja", domin 'yarka ce za ta ƙare karatu takardar ba ta iso ba. Rajistar kamfani ko wata takardar ma'aikata da suka manna a bango ba ita ce amincewar Kansul ba.

In kuma sunan yana ciki, saura tambaya ta biyu wadda iyaye ba su cika sani ba. Kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da Kansul ta yarda ta ɗauka a shekara, gwargwadon malamanta da ɗakin gwajinta da gadajen asibitin da take kai yara. Wasu sai su kwashi ninkin wannan adadin don kuɗi, in lokacin indeksin ya zo a tura na adadin, ragowar a ce su jira baɗi, baɗi ma ga sababbi sun shigo. Don haka ka tambayi shugaban makarantar ido da ido: mutum nawa aka yarda ku ɗauka, nawa kuka ɗauka bara, nawa suka zauna jarrabawar Kansul nawa suka ci, kuma wane asibiti kuke kai su aiki? In ya fara kame-kame ka san inda aka dosa. Ka kuma samu ɗalibar aji na ƙarshe a waje, ba a ofis ba, ka ce ta nuna maka lambarta ta indeksin.

Maganar shekara biyu kuma, eh akwai shirin nas ɗin karkara da ungozomar karkara na shekara 2 wanda Kansul ta sani, galibi ƙaramar hukuma ce ke tura yaranta don su dawo su yi mata aiki, amma lasisinsa daban ne da RN kuma makarantun da aka amince da su ne kaɗai ke yinsa. Akwai kuma CHEW, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, da ake yi a makarantun fasahar lafiya, karatu ne na gaske mai hukumarsa daban, sai dai ba nas ba ne. Abin da nake tsoro shi ne na ukun, wanda ake kira ogzilari, a koya wa yarinya allura da sa ruwa a wani asibitin kuɗi a ba ta takarda mai ado, wannan Kansul ba ta san da shi ba, gwamnati ba za ta ɗauke ta a matsayin nas ba, kuma ranar da aka samu matsala da majinyaci ita za a fara kamawa.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne, abokaina na min dariya wai aikin mata ne. — Daga Azare

AMSA: Ƙanena ƙyale su. Ɗakin maza, tiyata, ɗakin gaggawa, ɓangaren ƙashi da na taɓin hankali duk maza ake nema ruwa a jallo. Bayan RN akwai ƙwarewa da za ka ƙara, ta ƙashi a asibitin Dala a Kano, ta ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga ta sa barci a tiyata. Je ka sayi fom ɗinka.

TAMBAYA: Anti na samu shiga alhamdulillah amma wallahi kuka nake kullum. Anatomi ya ƙi zama a kaina, turancin ya min yawa, gwajin farko 38 na ci, ga shi ana ta tsoratar da mu da jarrabawar PTS wai za a kori rabinmu. — Ɗaliba daga Jigawa

AMSA: Share hawayenki ƙanwata, 38 a gwajin farko ba baƙon abu ba ne, amma kuma ba zan ce miki tsoron ƙarya ne ba, watannin farkon nan na share fage da ake kira PTS su ne siraɗin makarantar nas, ana tankaɗe na gaske kuma 50 ake nema a kowane darasi, ba a cewa wannan ya cike gurbin wancan. Matsalar yawancinku haddar sakandare kuka zo da ita, a bar littafi sai saura sati ɗaya a kwana ana bita, to anatomi da fisiyoloji ba sa jin wannan. Abin da aka koyar yau a daren yau za ki maimaita shi ko na awa ɗaya ne. Kuma da fensir ake karanta anatomi, ki zana zuciya da ɗakunanta 4 ki bi jini da kibiya daga inda ya shigo har ya je huhu ya dawo ya fita, ki rufe littafi ki sake zanawa, gobe ma haka, har hannunki ya riƙe. Ƙasusuwa 206 ba a zaune ake haddace su ba, ki je ɗakin gwaji ki taɓa ƙwarangwal ɗin nan, ki taɓa na jikinki kina faɗin sunan.

Turanci kuma dabarar da na ga tana aiki ita ce ku haɗu ku uku ko huɗu, kar ku wuce haka don hira za ta zama, kowa ta ɗau kashi ɗaya ta yi wa sauran bayani da Hausa tsaf, in kin iya faɗinsa da Hausa to kin gane shi, sannan kowa ta rubuta da turanci a gajerun jimloli. Mai makin ba adabi yake nema ba, ma'ana da jerin dalilai da alamomi da abin da nas za ta yi yake nema. Ki roƙi 'yan ajin gaba tsofaffin tambayoyi.

Kar kuma ki raina aikin hannu don kina fama da littafi. Gyaran gado, wanke hannu, auna zafin jiki, bugun jini na babba 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, awon hawan jini, waɗannan maki ne na ɓagas ga wadda ta yi ta maimaitawa, kuma jarrabawar Kansul ta ƙarshe bayan ta kwamfuta akwai OSCE, jarrabawar aikin hannu, inda za ki bi tebur-tebur ana kallonki da agogo. In an fara kai ku wod, wato ɗakin majinyata, ki riƙa yawo da littafin sa hannunki, duk aikin da kika yi ki sa sista ta sa miki hannu a ranar, masu bari sai ƙarshen shekara su ne za ki gani suna bin mutane a baranda suna magiya. Ki kuma riƙa barci don Allah, da cin abinci, mun sha ɗaukar ɗalibai sun zube a wod saboda shayi kawai suka sha.

TAMBAYA: Ina da aure da yara biyu, shekarata 27, takarduna sun cika, maigida ya amince. Zan iya kuwa? — Maman yara daga Kano

AMSA: Za ki iya 'yar uwa, irinku ma sun fi natsuwa a aji. Sai dai amincewar maigida ki tabbatar ya san me ya amince da shi, don sau da yawa "na yarda ki yi karatu" yake nufi, bai san akwai dutin dare ba, bai san akwai fostin na makonni a asibitin ƙauye ko asibitin masu taɓin hankali irin na Dawanau ba, bai san wasu makarantun na tilasta zaman hostel a shekarar farko ba. Ku zauna ki zayyana masa duka, in da hali a gaban wani babba nasa, kuma ki samu wadda za ta riƙe yaran tsayayya, ba "maƙwabciya za ta duba min su" ba. Dokar juna biyu da hutun haihuwa kowace makaranta da tata, kuma rashin cika kwanakin aji da na wod na hana mutum zama jarrabawa, don haka ranar da kika je sayen fom ki nemi littafin dokokin ɗalibai ki karanta wannan shafin tun kafin ki biya ko sisi.