Tambayi Likita: Gane irin halinka, da lokacin da hali ke zama ciwo

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan hali suka faɗa. An taƙaita wasu, an kuma cire sunayen masu aikowa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe. Na rubuta inda nake da ƙarfi da inda nake da rauni: ina da haƙuri, ina son karatu, amma ba na yin aiki sai ranar ƙarshe, kuma ƙaramar magana kan hana ni barci. Wane rukuni na faɗa a rabe-raben halayen mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam. Jerin nan mafari ne mai kyau, sai dai ba zai saka ki cikin gida ɗaya ba, domin yawancin masana halayyar ɗan Adam sun daina kasa mutane gida-gida. Ma'auni biyar suka fi aiki da su, kowanne kamar sikeli: wani yana sama, wani yana ƙasa, akasarin jama'a kuwa a tsakiya suke. Akwai son sabon abu da zurfin tunani. Akwai tsari da cika aiki. Akwai son shiga jama'a. Akwai sauƙin kai da tausayi. Sannan akwai saurin shiga damuwa. Takardar gwajin da Paul Costa da Robert McCrae suka fitar a Amurka a 1992 tambayoyi 240 gare ta, akwai kuma wata gajera ta wasu masana mai 44.

Rashin barci saboda ƙaramar magana yana nuna kina sama a sikelin damuwa. Jinkirin aiki kuwa iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Idan mantawa kike yi, ko waya ta ɗauke miki hankali har lokaci ya ƙure, wannan ƙarancin tsari ne, jadawali da ƙararrawar waya za su taimaka. Idan kuwa aikin yana ranki dare da rana, kina buɗe littafin gabanki ya faɗi ki rufe, to tsoron kuskure ne, jadawali ma ƙara miki nauyi zai yi. Mai irin wannan, abin da ke yi mata aiki shi ne ta zauna minti goma sha biyar ta rubuta ko da shirme ne, gyara ya biyo baya.

Ga yadda za ki auna kanki. Ki samu ƙaramin littafi, kwana 14, kowane dare layi uku: me ya faru, me na yi, me na ji. Kada ki rubuta siffa, ki rubuta aiki. "Ina da haƙuri" siffa ce. "Ƙanwata ta ƙona mini mayafi da dutsen guga, ban ce uffan ba, amma na yi kwana biyu ban kula ta ba" aiki ne, kuma da kin karanta za ki ga ba haƙuri ba ne, haɗiye fushi ne. Bayan nan ki tambayi mutum uku daga wurare daban, ɗaya a gida, ɗaya a makaranta, ɗaya ƙawar da kuka daɗe, kuma duk abin da suka faɗa ki ce su ba ki misali. Laifi tudu ne, naki ba ya ganuwa daga inda kike tsaye. Abin da ya maimaitu a littafinki da bakin mutum biyu cikin ukun, shi za ki riƙe.

Kada ki yi wannan a makon jarrabawa, ko kina jinya, ko ana zaman makoki. Ki kuma lura da tarbiyyarmu: kunya da kara suna rufe hali. Yarinyar da ba ta ɗaga kai gaban malamai ko manyan gida, sai ka gan ta a ɗakin amarya ita ce mai baki. A cikin tsararrakinki za ki auna son jama'a, ba a gaban Baffa ba.

Tambaya: Likita, na yi gwajin nan na intanet mai haruffa huɗu. Farko ya ce ni INFJ ne, bayan wata biyu ya ce INFP. Duka biyun kuma bayanin ya yi kama da ni sosai. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Malam, ba laifinka ba ne, ginin gwajin ne haka. Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers ne suka tsara shi bisa ra'ayin Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, wanda ya wallafa littafinsa kan nau'o'in hali a 1921. Ma'auni huɗu masu ɓangare biyu-biyu, kowane ɓangare da harafinsa, su ke haifar da gidaje 16. Matsalar tana wajen yankan layi. A ce maki 100 ne, an ja layi a 50: mai 49 da mai 51 kusan mutum ɗaya ne, amma za a ba su harafi daban. Tunda yawancin mutane a kusa da layin suke, amsa biyu ko uku da ka sauya saboda ranar ka tashi da gajiya sun isa su mayar da J ya koma P.

Batun cewa duka sun yi kama da kai, wani malamin jami'a a Amurka mai suna Bertram Forer ya gwada shi a 1948. Ya ba ɗalibansa gwaji, sannan ya miƙa wa kowa takardar "sakamakonsa", alhali rubutu ɗaya ne kowa ya samu. Da aka ce su ba shi maki cikin 5, matsakaicin ya haura 4. Jimloli irin su "kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba tukuna" kowa suka samu sun dace da shi, kuma da wannan dabarar 'yan duba suke cin abinci. Ka yi gwajin don nishaɗi da buɗe hira, ba komai. Amma kada ka zaɓi mata ko ka bar kwas saboda haruffa huɗu.

Tambaya: Da gaske ne masu jini rukunin O sun fi zafin zuciya? Kuma an ce mini ni "melankolik" ce.

Amsa: Babu wata hujja. Camfin rukunin jini daga Japan ya yaɗu, tun wata maƙala ta 1927, kuma manyan binciken da aka yi daga baya ba su tabbatar da shi ba. Haka AA da AS, ba su da ruwa da hali. Amfaninsu gwajin kafin aure ne. "Melankolik" kuwa ragowar tsohon likitancin Girka ne na zamanin Galen, wanda ya ɗauka ruwa huɗu ke juya jiki: jini, majina, rawayar maɗaciya da baƙar maɗaciya. Ta littattafan ɗibbu na Larabci, irin na Ibn Sina, ya iso ga malamanmu da sunayen damawi, balgami, safrawi da saudawi. "Melankolik" shi ne saudawi, wato wanda aka ce baƙar maɗaciya ta yi masa yawa. Sunayen suna da daɗin siffanta mutum, amma baƙar maɗaciyar nan babu ita a jikin kowa.

Tambaya: Likita, maigidana shekararsa 52. Mutum ne mai kunya da tsimi. Wata biyar ke nan ya sauya: yana sakin maganar da ba ta dace ba gaban baƙi, yana ɓarnar kuɗi, ko 'yarmu da aka kwantar a asibiti bai damu ya je ba. 'Yan'uwansa sun ce asiri ne, wasu sun ce ainihin halinsa ne ya fito.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan ce tambayar da ta fi gaggawa a yau. Hali yana kafuwa ne tun ƙuruciya da samartaka, ba ya ɓuya shekara hamsin sannan ya fito cikin wata biyar. Babban mutum da ya juye haka, ciwo ake nema har sai an tabbatar babu.

Abubuwan da likita zai bi suna da yawa. Akwai lalacewar sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wani nau'in ciwon mantuwa da ya fi kama 'yan shekara 45 zuwa 65. Abin ruɗarwa game da shi, da farko mutum ba ya mantuwa, kunya da tausayi ne ke fara tafiya, wani kuma ya kama kwaɗayin zaƙi. Akwai ƙari a ƙwaƙwalwa, ko jinin da ya taru a hankali bayan buguwar kai da aka raina, irin faɗuwa daga babur makonni da suka wuce. Akwai ƙaramin shanyewar ɓarin jiki da bai taɓa hannu ko ƙafa ba, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. Akwai ciwon da ke ɗaga mutum sama: barcin awa biyu ko uku ba tare da gajiya ba, surutu ba tsayawa, jin ya fi kowa, na tsawon mako ɗaya ko fiye. Maƙoƙo mai aiki fiye da kima yana kawo faɗa, rama, zufa da bugun zuciya. Sannan magunguna: tramadol, maganin tari mai kodin, da dexamethasone ko prednisolone da ake sha barkatai don ciwon gaɓɓai ko ƙiba.

Ki rubuta watan da abin ya fara da misalai uku ko huɗu. Ki tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya. Ki raka shi da kanki, domin mai irin wannan ciwon zai ce wa likita lafiyarsa ƙalau, kuma har zuciyarsa haka ya ɗauka. Idan ya ƙi, ki ce awon hawan jini za a je, kuma lallai za a auna. Za a duba suga, maƙoƙo, hanta da ƙoda, wataƙila a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Asibitocin koyarwa suna da sashen ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri. Kafin nan, ki sa wani babba da yake jin maganarsa ya riƙe katin banki. Addu'a a ci gaba da ita, amma kada ta zama dalilin jinkiri. Idan aka ga ciwon kai mai tsanani da amai, jijjiga, karkacewar baki, ko ruɗewa, a ranar za a tafi.

Tambaya: Ni saurayi ne ɗan shekara 24. Ba na iya magana a taro, ko gaisuwar ɗaurin aure sai in ji zufa da rawar murya. Abokaina sun ce irin halittata ce.

Amsa: Ɗana, tambaya ɗaya ke raba su: ba ka so ne, ko kana so tsoro ya hana ka? Mai son kaɗaici yana zuwa ɗaurin aure, ya gaisa, ya gaji da wuri, ya koma gida hankali kwance. Mai ciwon tsoron jama'a tun ana saura kwana uku yake fargaba, a wurin ya ji kowa shi yake kallo, bayan ya dawo ya kwana yana bitar abin da ya faɗa. Idan haka ta kai wata shida tana hana ka aiki, karatu ko neman aure, ciwo ne, kuma yana jin magani. Babban maganinsa zama ne da masanin halayya, galibi sau 12 zuwa 16, ana hawa mataki-mataki: yau ka tambayi mai shago farashi kana kallon idonsa, jibi ka yi tambaya ɗaya a majalisa, ka tsaya a wurin har bugun zuciyar ya lafa da kansa. Gudu da wuri shi ke ciyar da tsoron. Akwai ƙwayoyin da likita kan rubuta, suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin a ji aikinsu. Tramadol ko diazepam na kemis don "cire kunya" kuwa, ciwo biyu za su bar ka da shi.

Tambaya: An ce hali zanen dutse. To me ye amfanin sanin raunina?

Amsa: Karin maganar rabin gaskiya ta faɗa. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin mutane gado ne. Saura yana motsi, sannu a hankali: akasarin mutane suna ƙara tsari da sauƙin kai, damuwarsu tana raguwa, daga shekara ashirin zuwa arba'in. Mai saurin fushi da wuya ya koma mai sanyi, amma yana iya koyon barin wurin na minti ashirin kafin ya buɗe baki, ya kuma daina tattauna maganar kuɗi da yunwa a cikinsa. Inda halin ya yi tsauri tun samartaka, a gida da wajen aiki da cikin abokai duka, har yana kashe aure bayan aure ko aiki bayan aiki, likitan ƙwaƙwalwa ne zai tantance, kuma ba a zama ɗaya ba. Yakan nemi jin ta bakin wanda ya san mutumin tun yana yaro.