Amsa ga mai son ya riƙi jita sana'a, jaz da kilasika

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutum ɗaya zai iya haɗa kiɗan jaz da na kilasika a jita har ya riƙe gida da su, da kuma wanda ya kamata ka fara da shi. Ana haɗawa. Charlie Byrd na Amurka makaɗin jaz ne, amma a 1954 ya je Italiya ya ɗauki darasi wurin Andrés Segovia, gwanin jitar kilasika, kuma da jita mai tsirkiyar nailan ya yi suna. Sai dai sana'a biyu ce, kuma a hannun dama suke rabuwa.

Jitar kilasika da farce ake kaɗa ta. Ana barin faratan babban yatsa, manuniya, na tsakiya da na zobe su ɗara tsoka da kamar milimita 1 zuwa 2, a gyara bakinsu da magogin farce, a bi da lallausar samfefa har sai an goga a tufa ba su sarƙe ba. Farcen da ke da kaushi sauti mai ƙaiƙayi yake fitarwa, komai tsadar jitar. Na hagu kuwa a yanke su ƙat. Ita jitar jaz tsirkiyarta ta ƙarfe ce, mai kauri, lamba 12 ko 13, ana buga ta da ɗan fallen roba ta cikin amfilifaya. In ka sa farce a wannan ƙarfen kullum, zai cinye shi. Don haka jita biyu za ka nema. Kuma don Allah kada ka ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar kilasika don tsimi: jan nailan wajen kilo 40 ne, na ƙarfe ya kusa ninka haka, sai jakin, wato katakon da ake ɗaure tsirkiya a fuskar jitar, ya ɓalle ko wuyan ya lanƙwashe.

A ganina ka fara da kilasika, shekara biyu ko uku, domin ita za ta koya maka karanta rubutun kiɗa da zaman hannu. Ka zauna a bakin kujera, ƙafar hagu a kan matashi, jitar bisa cinyar hagu, babban yatsan hagu a bayan wuya, kada ya leƙo ta sama. Ka bi littattafan tsofaffin mawallafan kiɗan jita: atisaye 120 na hannun dama na Giuliani, da darussa 25 na Carcassi, sannan na Sor. Guda 12 na Villa-Lobos sai hannu ya nuna. In kana son takardar shaida, akwai jarrabawar ABRSM da ta Trinity, hukumomin jarrabawar kiɗa na Birtaniya, daga mataki na 1 zuwa na 8, ga kuma makarantar kiɗa ta MUSON a Legas.

Jaz kuwa kunne ne. Ba a ba ka kowane sauti a rubuce, kai za ka ƙirƙira nan take a kan jerin kod, wato sautuka da dama da ake bugawa tare. Ka haddace zagayen ii-V-I (kod na biyu, na biyar, sai na ɗaya) a makullan kiɗa 12 duka, da salon kiɗan blues mai gaɓa 12 (gaɓa ita ce zagaye ɗaya na ƙirgen kiɗa), sannan tsofaffin waƙoƙin da kowa ke bugawa, waɗanda yawancinsu gaɓa 32 ne. Ka saurari Charlie Christian da Wes Montgomery da Joe Pass, ka ɗauko gaɓa huɗu kacal ka kwaikwaya da kunne har ta zauna. Inda 'yan kilasika ke faɗuwa ke nan: suna buga sauti daidai amma babu rausaya. Maganinsa ka saita metronom, wato agogon ƙirgen kiɗa, ya riƙa bugawa a kan ƙirge na 2 da na 4 kawai, kuma ka nemi mai ganga da mai bes (jita mai kaurin murya) ku yi tare, ko da sau ɗaya a mako.

Atisaye na awa uku a rana ya wadatar, amma a yanka shi minti 40-40 da hutu a tsakani. Wuyan hannu in ya fara zogi ka ajiye. Masu dannewa su ci gaba su ne jijiya ke kumbura musu har su yi watanni ba kiɗa.

Batun abinci: kaɗan ne ke rayuwa da dandali kaɗai. Mafi yawa koyarwa ce ke riƙe su, sai kiɗan otal da liyafa da aikin situdiyo. Wanda ake sake kira shi ne mai karanta takarda da gani ɗaya, mai zuwa da wuri, da kebul da tsirkiya na ko-ta-kwana. Ka tanadi kiɗan awa biyu da za ka iya yi kai kaɗai, ka yanke farashi da yawan awanni kafin ranar, ka karɓi kafin alƙalami.

Tunda ka ce a Arewa kake, ka kula da hunturu. Katakon jita yana son danshin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, iskar hunturu kuwa takan faɗi ƙasa da 20, sai fuskar jitar ta tsage, bakin ƙarafan wuya su fito suna karce yatsa. Ka huda ƙaramin gidan sabulu, ka sa jiƙaƙƙen soso da aka matse sosai, ka rufe shi cikin akwatin tare da jitar, kana sake jiƙa shi duk bayan kwana biyu. Sabuwar tsirkiyar nailan kuma takan yi kusan mako tana saki, saboda haka kada ka canza ta ana gobe wasa.